Naira 20,000 ce a hannuna: ta yaya zan gyara falo in kuma fita kunyar dangi da sallah?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Kano, yarana uku, muna haya a ciki da falo. Saura kamar mako biyar a yi ƙaramar sallah. Maigida ya yi wa yara ɗinki, abin da ya rage a hannuna bai wuce Naira 20,000 ba. Ina so in ɗan gyara falo, in kuma kai wa surukata da facalolina da maƙwabta ɗan abin barka da sallah wanda na yi da hannuna. Ina ganin abubuwa masu kyau a TikTok da Instagram, amma na rasa ta inda zan fara. Kuma ko abin zai iya zame mini sana'a nan gaba?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kuɗin nan za su isa, amma sai kin fara cire wani tunani daga ranki, wato cewa duk abin da mutum ya yi da hannunsa ya fi na kasuwa arha. Ba haka ba ne. Ki ɗauki bidiyon nan da ake haɗa fure a jikin madubi. Mai bidiyon ta riga ta mallaki bindigar gam da sandunanta, da fentin feshi kala uku, da ribon, da duwatsun ado, ga wutar lantarki da ba ta ɗaukewa. Ke kuwa duk sai kin saya, saboda abu ɗaya tak da za ki rataya. Kafin ki gama, kin kashe abin da ya ninka kuɗin irinsa ɗan China da ke rataye a kasuwar Sabon Gari, kuma na farkon da za ki yi ba zai kai na kantin kyau ba. Aikin hannu yana yin arha ne idan kayan aikin suna cikin gidanki ko suna da araha a kasuwannin da ke kusa da ke, kuma idan kin zaɓi abu iri ɗaya kin yi shi da yawa. A kan wannan zan ɗora duk shawarar da zan ba ki.

Sai kuma yanayi, wanda masu bidiyo ba sa ambata domin ba a ƙasarmu yawancinsu suke ba. Shekarar Musulunci tana gaza ta Bature da kwana 10 zuwa 11, shi ya sa sallah take matsowa baya kowace shekara. A 2024 an yi ƙaramar sallah ranar 10 ga Afrilu, a 2025 kuma ranar 30 ga Maris. Ke nan a 'yan shekarun nan tana faɗowa ne cikin bazara ko gab da ita, lokacin da zafin Kano ke kaiwa maki 40. A irin wannan zafi gam ɗin bindiga yana saki a jikin bango, balan-balan tana fashewa tun kafin a sauko daga idi, tuwon madara yana yin gumi a cikin leda, man kaɗanyar da aka buga ya yi laushi yana narkewa ya koma ruwa. Man kaɗanya kyauta ce mai kyau ƙwarai, amma ki ajiye ta sai hunturu, lokacin da kaushi da faso suke damun mutane. Yanzu abin da zai jure zafi kike nema.

Bari in fara da kyautar, domin nan fiye da rabin kuɗinki zai tafi. Shawarata ki yi kantun riɗi. Kowa cincin zai yi, kuma cincin yana shan mai, ga fulawa, ga bota, ga ƙwai, ga gas ko gawayin da za a daɗe ana suya da shi. Kantu kuwa riɗi ne da sukari kawai. Riɗin ma namu ne, Jigawa na cikin jihohin da suka fi noma shi, kuma a kasuwar hatsi ta Dawanau ko wurin masu awo na unguwa za ki same shi da mudu. Ba ya lalacewa da wuri, zafi ba ya yi masa komai, tsofaffi suna son sa, yara ma haka.

Wahalarsa ɗaya ce, tsakuwa. Ki zuba riɗin a ruwa ki wanke, ki rege shi a ƙwarya kamar yadda ake rege gero, sau biyu ko uku, har sai kin daina ganin yashi a gindin ƙwaryar. Mutum ya tauna tsakuwa sau ɗaya a kyautarki, to, ba zai tuna daɗinta ba. Ki tsane shi a kwando da kika shimfiɗa wa tsabtataccen ƙyalle, ki baza a tire ya bushe sarai. Sai ki ɗora busasshiyar tukunya a wuta kaɗan, ki zuba shi kashi-kashi kina juyawa ba tsayawa. Za ki ji ya fara tsalle yana ɗan ƙara, ƙamshi ya tashi. Ki ɗebi kaɗan ki murza a yatsa: idan ya farfashe ya bar maiƙo, ya yi. Kada ki jira ya yi duhu, domin bayan an sauke yana ci gaba da soyuwa da zafin jikinsa, riɗin da ya ƙone kuma ɗaci gare shi.

Ga kowane gwangwani biyu na riɗi, ki auna gwangwani ɗaya na sukari. Ki sa sukarin a tukunya da ruwa cokali biyu ko uku da ɗigon lemon tsami, wuta kaɗan, ki bar shi ya narke ya yi kalar zuma. Ki ajiye kofin ruwan sanyi a gefe. Ki ɗiga kaɗan a ciki: idan ya daskare ya karye ƙas a hannunki, lokaci ya yi, idan yana miƙewa, da saura. Nan take ki juye riɗin, ki cakuɗa da sauri, ki zuba a tiren da kika riga kika shafa wa mai, ki murza da kwalbar da ita ma kika shafa wa mai har ya yi faɗi, kauri kamar na ɗan yatsa ƙarami ko ƙasa da haka. Ki yanka tun yana da ɗumi, minti biyu zuwa uku kawai kike da su, in ya huce sai dai a farfasa. Don haka kada ki narka sukarin mudu guda a tashi ɗaya, ki riƙa yi kaɗan-kaɗan. Narkakken sukari ya fi tafasasshen ruwa ƙuna kuma yana manne wa fata, saboda haka ki kori yara daga kicin. Ki kuma yi aikin da daddare bayan an sha ruwa, yadda za ki iya ɗanɗana na farko ki gyara na biyu. In kin samu mazarƙwaila mai kyau, ki gwada kashi ɗaya da ita, ƙamshinta daban ne, sai dai ba ta ƙarfi kamar ta sukari.

Abu na biyu da zai raka kantun shi ne yaji. Ƙuli-ƙuli, barkono, busasshiyar citta, kanumfari, masoro, ɗan kimba, gishiri da ɗanɗano. Kin san dakansa, ba sai na koya miki ba. Abin da zan ja kunnenki a kai shi ne ki shanya kowane ɗaya ya bushe ƙarau kafin daka, ki shinshina ƙuli-ƙulin kafin ki saya domin wanda ya kwana biyu yana warin tsohon mai, ki kuma tankaɗe sau biyu. A ranar sallah kowane gida yana da waina ko tuwo ko nama, yaji kuma kusan kullum shi ake mantawa da shi sai an zauna ci. Kwalba ɗaya ta yaji mai kyau za a yi wata ana tuna ki da ita.

Yanzu mazubi, wanda a ganina shi ne rabin kyauta. Tun yau ki fara tara kwalaben bama da na zuma da gwangwanayen madara masu murfi, ki roƙi maƙwabta nasu. Ki jiƙa su a ruwan ɗumi da omo su kwana, takardar jiki za ta fita da kanta. In gam ya rage, ki goga ɗan man gyaɗa ki sake wankewa. Ki tafasa kwalaben, ki kife su a rana su bushe, murfin ma haka, domin ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya sa yaji ya dunƙule. Sannan ki je wurin telanku ki roƙi guntayen atamfa da shadda. Ki je yanzu, kafin azumi ya raba, domin daga nan tela ba ya ɗaga kai ya dubi kowa, guntayen kuma sharewa ake yi a zubar ko a ƙone. Ki kife ƙaramin faranti a kan ƙyallen ki zagaye da alli, ki yanke, ki ɗora a kan murfin kwalba, ki ɗaure wuyan da zaren ulu ko siririn ƙyalle mai wata kala. Shi ke nan. Kantun kuma ki jera shi a farar leda mai ƙarfi, ki like bakin, sai bayan ya huce sarai.

Akwai maganar da ba ta cikin bidiyo amma duk matar aure ta san ta. Na facalolinki ya zama iri ɗaya, girma ɗaya, har kalar ƙyallen murfi in da hali. Gidan gandu ba a ɓoye komai, kafin la'asar an gwada na wance da na wance. Su kuma maƙwabta, kada ki cika musu kaya. Kin san al'adarmu, yaba kyauta tukwici, kuma kwano ba ya komawa haka nan. Idan kika aika wa mai ƙaramin ƙarfi abu mai tsada, kin ɗora mata nauyin neman abin da za ta mayar. 'Yar ledar kantu da ƙaramar kwalbar yaji ba ta takura kowa. In kuma akwai maƙwabta Kirista da suke aiko muku da abinci lokacin Kirsimeti, ki sa su a lissafi tun farko, kada sai an gama rabo a tuna da su.

Surukarki ce kaɗai za ki bambanta, kuma babu mai jin haushin haka. Ita ki haɗa mata turaren wuta, kwalba ɗaya. Matan Barno da Shuwa da na Chadi da Sudan su ne gwanayen wannan aiki, nasu kuma haɗi ne mai kaya da yawa, da farce da miski da sauransu, wanda kuɗinki ba za su ɗauka ba. Amma akwai mai sauƙi. Ki sayi icen turare da aka riga aka farfasa, sandal ko gabgab, gwangwani biyu, da ɗan kajiji, da ƙaramar kwalbar turare mai maiƙo wanda ba a sirka ba. Turaren ne mai cin kuɗi, don haka gara kala ɗaya mai kyau da kala huɗu na banza. Ki wanke icen da kajijin ki shanya a inuwa, ki ɗan daddaka kajijin. Ki narka sukari abin da bai cika gwangwani ɗaya ba da ɗan ruwa har ya yi danƙo, ki zuba icen ki yi ta juyawa a wuta kaɗan har sukarin ya lulluɓe shi ya fara bushewa. Ki sauke, ki matsa nesa da murhu, ki bari ya ɗan sha iska, sannan ki zuba turaren ki cakuɗa. Ba a zuba turare a kan wuta, musamman na feshi, domin yana kamawa nan take, kuma zafi yana kore ƙamshin da kika saya da tsada. Ki dura a kwalbar gilashi ki rufe gam, ki ajiye a wuri mai duhu. Yana buƙatar mako biyu ko fiye kafin ƙamshin ya ratsa icen, shi ya sa shi za ki fara yi a makon nan, kantu kuwa sai makon ƙarshe. Idan sukari ya yi yawa, hayaƙin zai riƙa warin ƙonannen sukari, don haka kada ki ƙara a kan abin da na faɗa. Ki haɗa mata da goro kaɗan, in tana ci. Ragowar da ya maƙale a tukunya kuma naki ne, na falonki.

Za ki ji ana ba ki shawarar sabulun ruwa. Ni ban ba ki ba a wannan karon. Akwai soda a haɗin, tana cin fata tana makantar da ido, kina da yara uku a ciki da falo, kuma kayan haɗinsa ba a sayar da su ɗan kaɗan yadda zai yi miki riba. In kina so, ki koya bayan sallah a gaban wadda ta iya.

Mu koma falo. Kafin ki sayi komai, ki fitar da komai. Ki sauke labule ki wanke ki goge, ki share yanar gizo-gizo, ki goge fanka da makunnin wuta da suka yi baƙi, ki cire kalandar bara da duk tarkacen da ke kan talabijin. Ki canza wa kujeru zama. Yawancin ɗakunanmu ba ƙarancin ado ke damun su ba, cunkoso ne. Falo mai tsabta da ƙamshin turaren wuta ya riga ya yi sallah ko da ba a rataya komai ba. Bayan wannan, abu biyu za ki yi, ba goma ba: rigunan filon kujera, da bango ɗaya.

Rigar filo ba ta buƙatar zif. Idan filonki inci 16 ne kowane gefe, ki yanke ƙyalle mai faɗin inci 17 da tsawon inci 40. Ki kalmashe bakin nan biyu gajeru ki ɗinke. Ki shimfiɗa ƙyallen fuskarsa tana kallon sama, ki naɗo ɓangarorin biyu zuwa tsakiya yadda ɗaya zai hau kan ɗaya da kamar inci 6, tsawon ya koma 16, ki ɗinke sama da ƙasa, ki juya. Filon zai shiga ta bayan, ya fita in za a wanke. Faɗin atamfa ya kai inci 45, saboda haka yadi ɗaya yana fitar da riga biyu. Yadi biyu sun ishe ki huɗu. Ko ba keke, allura da zare za su yi shi a dare biyu. Kada ma ki fara tunanin Kantin Kwari sai kin buɗe akwatinki: tsohon zanen da gefensa ya yage amma tsakiyarsa na nan da kyau, ko ragowar turmin da aka yi miki riga da siket, su ne kayan aikin. Ki dai tsaya a kala biyu da suka dace da labulenki. In babu filon ma, masu katifa suna sayar da guntayen soso, ko ki cusa audugar rimi irin ta matashin kakanninmu.

Bangon kuwa, ki je Kasuwar Kurmi. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, a ƙarni na 15, kasuwar nan take ci, kuma har yau a nan ake samun faifai da maficici da ƙwarya da ludayi da kayan dukanci a wuri ɗaya. Ki sayi faya-fayi biyar ko bakwai, manya da ƙanana, wasu farare wasu masu rini. Ki taya kamar mai sayen na rufe fura, domin da mai kaya ya ji kin ce na ado ne kuɗin ya canza. Ki duba bayan kowanne: ɗinkin ya zama a matse, bakin a kammale, babu garin da ke zuba, domin gari alamar ƙwaro ne a ciki. A gida ki shimfiɗa su a ƙasa tukuna, babban a kusa da tsakiya amma ba daidai tsakiya ba, saura su kewaye shi, wasu har suna ɗan hawa kan juna. Ki yi ta matsar da su har idonki ya kwanta, ki ɗauki hoto da waya, sannan ki mayar da su bango yadda suke a hoton. Ki zura zare a bayan kowanne ki yi ɗan hanci, ki rataya a ƙaramar ƙusa irin ta kankare. Tunda haya kike, ramin irin wannan ƙusa ɗan toshewa ne. Gam mai ƙarfi ne yake ɓalle fenti ya haɗa ki da mai gida.

Wasu za su ce wannan ai kayan ƙauye ne. Kafin langa da fanteka da samira su cika ɗakunan amare, da ƙore da faya-fayi iyayenmu suke jere, matan Fulani kuma har gobe da ƙwaryarsu suke ado. Wasu manyan otal-otal ma irin wannan suke ratayawa a bango. Ke da kike Kano, a gindin abin kike. Kuma bayan sallah faifai yana nan faifai, in kin gaji da shi a bango ya sauko kicin, ba kamar furen takarda ba da ƙura ɗaya ta gama da shi. In kin ƙara da ƙaramar ƙwarya mai zane a kan tebur, ki shafe ta da ɗan mai ta yi sheƙi, ki zuba dabino ko kantun a ciki don baƙi, kin gama.

Su ma yara ki ba su nasu aikin, ko don su bar ki ki yi naki. Kwalin taliya ko na sabulu, ki zana musu jinjirin wata da taurari su yanke, su lulluɓe da cikin ledar madara ko ta Milo, ɓangaren nan mai ƙyalli, a huda a zura a zare a rataya a bakin ƙofa. Guntayen atamfar da suka rage a yanka su kusurwa uku-uku a jera a igiya. Don liƙa takarda, ki dama ɗan sitaci ko fulawa da ruwan zafi, ya isa, amma wannan na kwana uku ne kawai, domin kyankyaso yana bin sa. Abin da kike so ya daɗe, kamar kwalin da za ki lulluɓe da atamfa ya zama mazubin carbi ko na 'yan kunne, sai farin gam irin Top Bond, a shafa shi siriri da tsohon kati, in ya yi yawa yana ɓullowa ta fuskar ƙyallen ya bar tabo. Babban cikin yaran zai iya yin fitila da gwangwanin tumatir: a cika shi da jiƙaƙƙen yashi a danna don kada ya lotse, a huda zane da ƙusa da guduma, a zubar da yashin, a sa ƙaramar tocila mai batir a ciki. Tocila na ce, ba kyandir ba. Labule da kwali da yara da kyandir ba sa zama ɗaki ɗaya. Kuma kada a rubuta aya ko sunan Allah a kan adon kwali, tunda ƙarshensa shara ne. “Barka da Sallah” ta wadatar.

Rabon kuɗin, daidai ruwa daidai tsaki: kamar Naira 10,000 a riɗi da sukari da kayan yaji, 4,000 a turaren surukarki, 3,500 a faya-fayi da ƙusa da zare, sauran ki riƙe na mota da leda da gawayi. In kin je kasuwa kika tarar kaya sun tashi, ki rage yawan faya-fayi ko ki rage mutanen da ke jerin, kada ki rage ingancin turare ko na riɗi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin adaidaita sahu ya zama abin lissafi, don haka ki rubuta komai a takarda ki fita sau ɗaya. In akwai maƙwabciya mai irin niyyarki, ku haɗa kuɗi ku sayi sukari da riɗi tare ku raba, ku raba kuɗin mota. Ki kuma gama sayayya kafin goman ƙarshe, lokacin kasuwa ta cika, kaya sun hau, ke kuma ga tahajjud ga girkin sahur.

Tunda babbar sallah tana biyo baya da kamar wata biyu da kwana goma, ki ajiye rabin kwalaben, dambun nama zai shiga ciki. Sannan ki yi wa maigida maganar fatar ragon layya tun da wuri. A mazhabarmu ta Malikiyya ba a sayar da ita kuma ba a biyan mahauci da ita, amma ana iya sadaka da ita ko a yi amfani da ita. Idan aka feɗe da kyau ba a huda ba, a kankare sauran nama da kitse, a zuba gishiri sosai a ɓangaren naman a ranar, a shanya a inuwa, domin rana tana busar da ita ta yi tauri ta tsage, damina kuma ta kusa a lokacin, in an yi sakaci kwana ɗaya gashin zai fara zuba. A kai wa majema, su jeme ta da bagaruwa da gashinta, ta dawo buzu. Kuɗin jima kawai za ku biya, ku samu abin salla ko kyautar da za a kai wa baban maigida.

Game da sana'a, e, tana yiwuwa, kuma wannan sallar ita ce gwajinki. Ki sami littafi ki rubuta duk abin da kika kashe a kan kantun, har gawayi da leda da kuɗin mota, ki ƙirga ledoji nawa suka fito, ki raba. Wannan shi ne uwar kuɗin leda ɗaya. Yawancin matan da suke fara irin wannan sana'a suna karyewa ne saboda riɗi da sukari kawai suke lissafawa, su manta da wuta da mazubi da wahalarsu, ga bashin 'yan'uwa da ba a biya. Bayan sallah ki saurara ki ji wanne aka sake tambaya, kantun ne, ko yajin, ko turaren. Wanda mutum biyu ko uku suka ce “a ina kika saya?”, shi za ki riƙe shi kaɗai ki fara da shi. Ki yi kaɗan, ki ɗauki hotonsa da rana a kan farin tire ki sa a WhatsApp, ki rubuta farashi a jiki, ki kuma karɓi rabin kuɗi kafin ki ɗora tukunya ga duk mai son da yawa na biki ko suna.